Man da na haɗa a bayan shago

Da can turare da basilin nake sayarwa a Runjin Sambo, kuma ba wanda ya san ni da cuta. Wata rana mai kawo mini kaya ya miƙo mini wani farin gari da mai a cikin bututu, ya ce in cakuɗa da basilin. "Duk wadda ta shafa sai ta yi haske," in ji shi.

Wallahi kuwa sun yi haske! Mata suka yi ta tururuwa daga Mabera har Wamakko. Na sayi robobi, na manna takarda mai cewa an gwada. Ni da ko ma'anar gwajin ban sani ba!

Rannan Malama Rabi, maƙwabciyarmu, ta shigo shago ta janye mayafi. Kumatunta sun ƙone, fatar ta yi siriri har jijiyoyi sun fito.

"Mi ka zuba cikin man ga?" ta ce.

Na ce zafin rana ne. Da ta gaya wa mijinta, bai tsaya gardama da ni ba, ya ɗauki robar ya kai wa hukuma.

A kotu na fara jin abin da na sayar. Likitar da ta auna man ta ce akwai zaiba a ciki, wani ruwan ƙarfe mai guba, da wani magani mai ƙarfi da ba a shafawa sai da izinin likita. Ta ce fata tana tsotsar abin da aka shafa mata, ya bi jini har ƙoda. Man kirki kuwa, sai an tantance haɗinsa a ɗakin gwaji, sannan a ɗiga kaɗan a fatar bayan waɗanda suka yarda, a rufe da filasta kwana biyu, a duba ko ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi. Na saki baki ina saurare, har na manta ni ne a gaban alƙali. Aka yanke mini ɗauri.

Ranar da na fito, kafin in je gida sai da na durƙusa a zauren Malama Rabi. Ta ce, "Na yahe maka, Allah shi yahe muna." Farin ciki ya sa ni kuka! Amma tabon yana nan a fuskarta.

Yanzu shinkafa nake aunawa a kasuwa, hankalina kwance. Samari, kada ku sayar da abin da ba ku san haɗinsa ba. 'Yan mata, man da ba shi da lambar hukuma, ko ni na miƙo muku, ku turo mini abina.