Asabar ɗin Inna

Wata Asabar ce ta watan Oktoba, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na tsaya a tagar gidanmu da ke hawa na tara a Vaulx-en-Velin, a gefen birnin Lyon, ina kallon tashar bas. Ruwan sama na sauka siriri. Can na hango lema ja tana ƙetare titi, na san Inna ce, domin babu mai tafiya irin tata a duk unguwar, a hankali kamar wadda ta ɗauko tulu a ka. Daga Paris ta taso da asuba, riƙe da leda ta wani shago na Barbès, a ciki akwai kwalin defirizan, wato man nan da ke miƙar da gashi, da ɗan ƙulli na kilishi.

Auren iyayena ya mutu ina da shekara tara. Kamar yadda ake yi a gida Damagaram, ɗa na uba ne, don haka da Abba ya samu aiki a wani ɗakin bincike a Lyon sai ya tafi da ni, Inna ta zauna a Saint-Denis, a gefen Paris, tana kula da tsofaffi. Babu wanda ya tsara yadda za ta riƙa ganina. Amma akwai abu ɗaya da dangin ɓangarorin biyu ba su yi musu a kai ba: namiji ba ya gyaran kan ɗiya mace. Duk bayan wata biyu sabon gashi yakan tsiro, a ce kai ya tashi, Inna ta shigo jirgin ƙasa. Abba yakan gaishe ta a bakin ƙofa, gaisuwa mai tsawo, idonsa a ƙasa, sannan ya ɗauki rigar sanyinsa ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai la'asar.

A ɗakin girki muke zama. Takan shimfiɗa tsohon zani, ta shafa mini basilin a goshi da bayan kunnuwa, ta sa safar hannu, ta tsaga gashin gida huɗu. Warin man yakan cika gidan har ya danne ƙanshin miyar kuka da ta ɗora. Kaset na waƙoƙin gida na juyawa a kan firji, ita kuma tana ba ni labarin maƙwabtanmu na dā. "Idan ya fara zafi ki faɗa, kin ji, Hadizatu?" Ni kuwa nakan ce bai fara ba. Zafin yakan taso kamar an watsa barkono a ƙeya, amma muddin man yana kaina, hannunta ma yana kaina. Da an wanke, an busar, an ɗaure da ribom, sai ta fara duba agogo.

A lakwal, wato makarantarmu, ba ni da ƙawa ta kusa. Lokacin hutu 'yan mata sukan yi tsallen igiya a ƙarƙashin rumfa, gashinsu na tashi yana sauka, ni kuma ina zaune bakin katanga da ɗan littafin soyayya da na aro, ina mafarkin ranar da iska za ta kaɗa nawa gashin a bakin kogin Rhône, wani ya tsaya yana kallo. Da yamma in share gida, in dafa shinkafa, in jira ƙarar makullin Abba. Kowace safiya nakan tura yatsa cikin gashina in taɓa tushensa, idan na ji ya fara tauri sai raina ya yi fari.

A wannan zuwan na Oktoba ne man ya ci ni sosai. Ranar Litinin malamar jinya ta lakwal ta ɗaga mini kallabi, ta ga ƙuraje sun manne da gashin, ta kira Abba. Likita ya ce kada a sake sa mini wannan man. Abba ya faɗa wa Inna a waya, a taƙaice, cikin ladabi. Na tsaya a bayan ƙofa ina jira in ji ya ce ta zo duk da haka. Bai ce ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kunya ce ta hana su duka biyun, yanzu na gane.

Lokacin sanyi ya wuce ina ɗauke da gashi iri biyu a kai ɗaya. Ƙasa baƙi ƙirin, murɗaɗɗe, mai kauri, sama kuma siriri, ja-ja, ya yi laushi kamar zaren tsumma. A inda suka haɗu nan yake tsinkewa. Inna ta koya mini ba a yar da gashin da aka tsefe, binne shi ake yi. To ina ƙasa a hawa na tara? Nakan dunƙule shi a aljihu, in sauka bayan gini inda ake ajiye kekuna, in tona da cokali, ina waige kada yaran unguwa su gan ni.

Sai da bazara ta shigo ta zo, da almakashi. Ta yanke mataccen gashin duka, ta bar ɗan abin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Ta shafa man kaɗe, ta ɗauki tsinke za ta yi mini kitso. Ta kama, ya kuɓuce. Ta sake kamawa, ya sake kuɓucewa. Tun tana budurwa take sa defirizan a nata kan, a nawa kuma tun ina ƙarama, yatsunta sun manta kitso. Ta yi dariya. "Wannan kan na kakarki ne sak. Ni dai ya fi ƙarfina, 'yar nan." Ta daɗe tafin hannunta na bisa kaina. Ranar ba ta duba agogo ba, har sai da Abba ya yi sallama.

Daga nan zuwanta ya koma na sallah kawai. Kitso kuwa a gaban madubin banɗaki na koya, ni kaɗai, hannuwana na sagewa, layukan a karkace.

Yau gashina ya cika, ya yi tsawo, har mata kan tare ni a jirgin metro suna tambayar abin da nake shafawa. Fatar kaina ta warke tuntuni. Inna ta koma Damagaram, idan muna magana ta bidiyo takan ce in cire ɗankwali in matso, sai in ga yatsanta ya rufe fuskar wayar tana shafawa. Na samu gashina na gaskiya, kuma ban taɓa nadama ba. Sai dai har gobe, da ranar Asabar, gidana yakan yi mini faɗi.