Mode da Kwamfutar da Ta Fito da Ni Daga Ɗaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran ɗan gwaggona kuma taubashina, Muhammadu Lauwali, wanda duk Achida ta sani da Mode, bayan gajeriyar jinya a wani asibiti cikin Sakkwato. An yi masa sutura bayan azahar a nan Achida.

Na zauna in rubuta maka ta'aziyya, Mode, da niyyar in yi ta cikin natsuwa kamar yadda manya ke yi, amma duk inda na taɓo labarinka sai in tsinci kaina ina murmushi. Ko a nan ma ba ka bar ni na yi abin kirki ba.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne Nasrullahi, wanda a da nake buga gaba a ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Shekarun baya babur ya kayar da ni a hanyar Wurno, tun daga ranar ƙafafuna ba su sake ɗaukata ba. Na shiga ɗaki na ja ƙofa. Masu dubiya suka yi ta zuwa da fuskar tausayi, su ce sannu, in ce yauwa, har suka gaji. Aka sayo mini keken guragu, na sa aka jingine shi bayan rumbu. Mahaifiyata ta daina zancen ƙafa, ta koma tsoron kada in ƙarasa rayuwata kwance ina kallon azara.

Kai kaɗai ne ba ka taɓa ce mini sannu ba. Wata rana sai ga ka ka banko ƙofa da kwamfuta a ka, ka dire ta kan tabarma, ka ce, "Tashi, malalaci. Dauri kana cina da ƙahwa, yanzu ba ka da su. Yau za mu ga mi hannunka ka iyawa."

Da wani ne ya faɗa mini wannan magana, da har abada ba mu ƙara gaisawa ba. Amma tsakanin taubasai babu shamaki, kuma maganar ta tayar mini da abin da na daɗe ban ji ba, wato haushi. Na ce a jona.

Kwamfutar tebur ce irin wadda ake sayowa a haɗe, tsohuwar ta ofis, wadda kake buga wa mutane takardu da ita a shagonka na bakin kasuwa. Aikin rubutu ta iya. Da ka sa mata wasan ƙwallo sai ta zama abin dariya. Ɗan wasa ya ɗauko gudu ya daskare, in danna bugu, sai na gama tsaki sannan ƙwallon ta tashi. Na juya fuska bango na ce ka kwashe tarkacenka, gurguwa ce irina. Ka ce, "Wagga gurguncinta shina da magani."

Ba ka kai ta shago ba, a gabana ka kwance ta. Ka buɗe murfin, ka hure dattin da ya yi mata katutu, kana ta surutu kai kaɗai kamar ba da ni kake ba. Ni kuwa na yi kamar mai barci, ido ɗaya na kanka. Ka ƙara mata ram, wanda ka ce shi ne faifan da take baza aikin da ke hannunta, in ya yi kaɗan sai ta riƙa yin abu ɗaya-ɗaya. Ka cire tsohon ma'ajinta mai ƙugi kamar injin niƙa, ka sa sabo wanda ba ya ko motsi, ta koma tashi nan take. Ban san lokacin da na fara riƙe maka kusoshi ba. Sannan ka ce duk wannan share fage ne. Ƙwallo ba za ta gudu ba sai da katin hoto, wato abin da ke zana wasan a allo, shi kuma katin ba ya zama sai an canza akwatin wutar da ke ciyar da ita, don na asalin ba shi da ƙarfin ɗaukarsa.

Lokacin an gama cirar albasa, kowa a fadamar Wurno yana zuba tasa cikin rudu, ma'ajin albasa na itace mai shan iska, yana jiran ta yi tsada. Kai sai ka kwashe taka ka kai kasuwa tun tana arha. Gwaggo Habi, mahaifiyarka, ta biyo ka har gidanmu da faɗa, ina jin ku daga ɗaki. Ta ce, "Mode, albasa kas saida don wasan yara?" Ka ce, "Inna, ba wasa nis saye ba, ƙahwa nis sai ma ɗanki." Ni kuwa na ja zane na rufe fuskata.

Sai kuskuren da har gobe ake ba da labarinsa a Achida. Ka auna cikin akwatin kwamfutar da taƙi, yadda muke auna komai, ka buga wa mai sayarwa a Kano waya ka ce kati kake so wanda bai wuce taƙi ɗaya ba. Ba ka tambayi girman hannun mutumin ba. Ashe ƙato ne, kai kuwa, Allah ya jiƙanka, hannunka bai fi na amarya ba. Da direba ya kawo saƙon muka kwance shi, ga kati baƙi sumul da fankoki biyu, gwanin kyau. Ka tura ta nan ya ƙi, ka karkata ta can ya ƙi, wutsiyarsa na waje. Ka tsaya kana kallon tafinka kamar shi ya ci amanarka. Na yi dariya har na gangaro daga katifa. Mahaifiyata ta shigo da gudu tana zaton wani abu ya same ni, ta tsaya bakin ƙofa ta fashe da kuka, don rabonta da jin dariyata tun kafin haɗarin.

Ismail mai walda ya yanke ƙarfen da ya tokare, kati ya zauna daram. Muka kunna, wasa ya tashi, sai ɗif, kwamfuta ta ɗauke. Muka sake, ta sake ɗaukewa. Bazara ce, ɗakina kuwa ko taga ba na bari a buɗe. Ka dafa jikinta ka janye hannu da sauri, ka ce, "Albasa ma in ba ta sha iska, ruɓewa takai." Washegari ka zo da 'yan sanduna ka haɗa mata ɗan ƙaramin rudu, ka ɗaga ta daga ƙasa, ka huhhuda gindin akwatin don iska ta shiga, ka ɗaura fanka a sama tana zuƙo zafi. Da ka gama sai ka ce ko da haka ba za ta rayu a wannan ɗaki ba, sai ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Ka sungume ta ka fita, ka bar ni da tabarma.

Har yau ban sani ba ko gaskiya ka faɗa ko dabara ka yi mini. Abin da na sani shi ne na jiyo ƙarar filin wasa daga waje, da ihun 'yan kallo na cikin na'ura, da muryarka kana cewa wanda ya isa ya fito. Na daure, na kasa. Na ce a ɗauko keken nan na bayan rumbu.

Wannan yammaci ba zai taɓa fita raina ba. Ga ciyawa shar a allon, ga 'yan wasa suna gudu sumul babu gargada, in danna su juya kafin in ƙifta ido. Na karɓi ƙwallo a tsakiya, na yanke ɗaya, na yanke na biyu, jikina duk ya tuna yadda ake yi. Na ɗaɗa ta a kusurwa, raga ta girgiza. Samarin da suka taru suka ɗaga ni da keken gaba ɗaya, kai kuwa da aka ci ka fi kowa tsalle, kana cewa abin dannawarka ne ya lalace. Haka ka yi ta cewa duk ranar da na lallasa ka, kuma ba sau ɗaya ba ne. Daga nan wurin ya zama dandali. Ranar Juma'a har daga Rabah da Goronyo da Taloka ake zuwa gasa, ni ke tsara ta, ni ke raba gardama. Na koma masallaci, na koma kasuwa, na koyi buɗe cikin kwamfuta da hannuna.

Ranar da muka kai ka, keke ya ƙi tafiya cikin rairayin hanyar maƙabarta, samarin nan suka ɗauke ni a kafaɗa har bakin kabarinka. Da muka dawo gida na kalli ƙofar ɗakina, wallahi na ji babu abin da nake so irin in shiga in ja ta. Gwaggo Habi ta gani a fuskata. Ita da ya kamata a rarrasa, ita ta kama hannun kekena ta ce, "Kak ka koma ɗaki, ɗana. In ka koma, sannan na Mode yam mutu." Ban koma ba, Mode. A waje na zauna ina karɓar gaisuwarka, a waje kuma nake rubuta wannan.

Ya Allah, bawanka Muhammadu ya yaye wa ɗan'uwansa ƙunci a duniya, ka yaye masa ƙuncin kabari. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata makwancinsa, ka sanyaya shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Habi, da matarsa Rukayya, da 'yarsa Fatimatuzzahra, da dukan dangi na Achida da Dinawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.