Mma Ce Hancin Baba

Babanmu falke ne, man kaɗe yake sarowa a Yendi da Bawku ya kawo Salaga. Sana'ar nan da hanci ake yin ta. Za ka ga mai fari tas a ƙwarya, amma in da tsohuwar ƙwarar kaɗanya aka dafa shi, sai ka sunsuna za ka gane.

Ina firamare, a shekarun tamanin, wani bijimi ya tsinke igiya a kasuwar Bawku ya make Baba a fuska. Ya dawo mana hanci a karkace, yana leƙen kunnen hagu. Muka sha kuka, da ya warke kuma muka sha dariya, Allah ya yafe mana. Abin da ba na dariya ba shi ne, ƙamshi da wari duk sun ɗauke masa.

Haka mahaifiyarmu, Mma, ta zama hancin Baba. Matar da ba ta taɓa wuce bakin gari ba sai don gaisuwar mutuwa, ga ta a gaban babbar mota, an cakare. A kasuwa za ta duƙa kamar mai yaba kaya. In man na kirki ne ta gyara ɗankwali, in ya lalace ta yi tari. Wallahi tafiyar nan ta karɓe ta. Ta koyi ciniki da Dagbanci, yaren mutanen Yendi, ta yi ƙawaye a Bimbilla, ta dawo tana ba mu labari har tuwo ya huce.

Shekaru suka tafi, sai aka ce likitocin tiyata sun zo wani asibiti a Bawku, suna miƙe irin wannan hanci. Baba ya gaji da numfashi ta baki, ya ce zai je. Mma ta tubure. Yau ta ce allurar barci na kashe mutane, gobe ta ce ita ta saba da fuskar mijinta a haka. Ni kuwa na san abin da ke cin ta: in hanci ya dawo, ita za ta koma tsakar gida.

Aka yi aikin. Ya fito fuska duk bandeji, idanu a kumbure, muna ba shi koko da cokali. Da aka kwance, hanci ya miƙe sambal, har na ji kewar tsohon. Mma ta miƙa masa daddawa. Ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya girgiza kai ya ce iska dai na wucewa, amma ba ya jin komai. Ta yi ta jajanta masa, da yamma kuma ta yanka zabo.

Wani hutu suka tafi da ni Yendi. Mma ta je gaida ƙawarta, sai na ga Baba ya sunkuya kan wata ƙwarya, ya yamutsa sabon hancinsa ya ja baya. Muka haɗa ido.

"Ke, bakinki," ya ce. "Uwarki na son hanya, ni kuma ba na son zama a mota ni kaɗai."

Na riƙe maganar har bayan rasuwarsa. Ranar da Mma ta fita takaba muna zaune a ƙofar ɗakinta, na ga ya kamata ta san irin son da ya yi mata, na faɗa mata. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce lallai ni yarinya ce.

"Tun satin da muka dawo daga asibiti na sani. Tuwo ya kama, kafin in motsa ya riga ya waiwaya madafa." Ta share ido da bakin mayafi. "Sai na ci gaba da yi masa tarina."