Kilishina Ya Yi Suna A Kano

Shekara goma ina sayar da kilishi a unguwar Bracodi da ke Abidjan lafiya lau, sai ƙanwata ta matsa mini in riƙa saka bidiyo a kowane dandalin sada zumunta. Na biye mata, kullum ina talla da Hausa kamar mai wa'azi. Masu kallo suka yi mini ca, duk daga Kano, suna tambayar farashi da naira. Don Allah, wa zai kai wa Bakano kilishi daga Abidjan? Da na waiwayi saƙonnin murya, ashe wata mai gidan abinci a unguwar Treichville, nan cikin garinmu, ta kwana uku tana nemana da harshen Jula. Ta gaji ta saya wurin maƙwabcina, mutumin da ko hoto bai iya ɗauka ba.