Mai gonar koko ta zo Zango neman ma'aikata

Muna idar da sallar asuba muka bar Ankara, babban birnin ƙasar, ni da abokin tafiyata, gajiyar hanyar Legas ba ta gama sakinmu ba. Hanyar Kumasi kurmi ne kore shar dama da hagu, ga manyan motoci, ga wuraren da ake gyaran titi. Kuɗin mota ya tashi, direba kuwa ya ɗora laifin a kan mai. Duk inda muka tsaya mata na rufe tagogi da burodi da soyayyar ayaba.

A rediyon motar wani ɗan takara yana ta faɗa da harshen Tonawa, wato mutanen Asante. Matashin da ke kusa da ni ya fassara mini: wai baƙi sun cinye ayyukan 'yan ƙasa, in ya ci zaɓe zai tattara su. Da ya gama sai ya tambaye ni daga ina nake. Na ce Kano. Ya ɗan ji kunya, ya miƙo mini ayabarsa.

Mun sauka Zango, unguwar Hausawa a Kumasi, a gidan kawuna, wanda ya daɗe yana dillancin shanu a can. Hausarsu sai da na saba. Na tambayi inda matarsa take, aka ce mini "ya tafi kasuwa". Wake da shinkafarsu kuwa, da taliya da yaji baƙi a kai, abokina har ƙari ya nema.

A ƙofar gidan na tarar da mutanen Nijar zaune da jakunkuna a ɗaure. Kawu ne mai masaukinsu, kowace shekara sukan zo aikin gona da gini. Bana sun ji an garƙame wasu shagunan baƙi a kasuwa, ga maganganun rediyo, sai suka yanke shawarar komawa gida.

Washegari da hantsi wata dattijuwa Batoniya ta sauko daga tasi, sanye da riga mai hoton ɗan takara. Kawu ya raɗa mini cewa shi ne mai faɗan nan a rediyo. Da Hausar kasuwa ta yi bayani: kokonta ya nuna, har ya fara baƙi a jikin bishiya. Ɗanta ɗaya yana Turai, ɗaya yana tuƙi a Ankara, samarin ƙauyen kuma sun tafi haƙar zinari. Ta bi unguwannin Buokrom da Sofoline ba ta samu mai riƙe adda ba.

Babban mutanen Nijar ɗin, wani mai furfura daga Tawa da ake kira Illa, ya nuna rigarta. Ta duba ƙirjinta.

"Kyauta aka ba ni," in ji ta. "Shi ba zai zo ya sare mini koko ba."

Illa ya ce, "Mama, in aka zo kama mu a gona, wa zai tsaya mana?"

Ta ce ita da kanta za ta kai su gaban sarkin ƙauyen, kuma a gidanta za su kwana. Kawu bai matsa wa kowa ba. Suka koma gefe suka yi shawara, yawancinsu suka ɗauki jaka suka bi ta.

Illa bai bi ba. Ya ce mini ya yarda da matar, ya san ba ƙarya take yi ba. Amma mahaifinsa yana cikin waɗanda aka kora daga ƙasar nan a zamanin da, kuma maigidan mahaifin nasa ma mutumin kirki ne, har tasha ya rako shi yana kuka. Ranar da za mu juyo, tare muka fita. Shi ya hau motar arewa, mu muka nufi kudu.

Na iso Kano lafiya, ƙafafu a kumbure. Da na zauna a majalisarmu ina ba da labari, wani ya ce ai mu ma baƙi sun yi mana yawa. Da can nakan gyaɗa kai in an faɗi haka. Wannan karon na tuna masa cewa mutanen Togo ne suka shimfiɗa tayil ɗin gidansa, kuma sai da ya jira su suka gama na wani. Abin da na koyo ke nan: ƙasa kan kira mutum don tana buƙatar hannunsa, amma ta bar shi yana kwana da jakarsa a ɗaure.