Madubin da Yaya Ta Jingine a Ƙasa

Yayata mai kitso ce, ni kuma tela, bango ɗaya ya raba shagunanmu. Tun muna 'yan mata aka san ta da abu guda: kitsonta ba ya zafi. Mace za ta zauna gabanta ta yi barci har da minshari, ta farka ta tarar an gama. Shi ya sa ake ce mata Hannun Auduga.

Sai ciwon daji ya kama ta a mama. Ba zan ja ku da labarin asibiti ba, ni kaina ba na son tuna shi. An yi mata aiki, aka yi ta ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, shekara ta zagayo shagonta na kulle. Allah ya tashi kafaɗunta, gashi ya tsiro, amma maganin ya bar mata tsaraba: kan yatsunta ya mutu murus. Ko allura ta soke ta, sai ta ga jini take sani.

Na ce, "Yaya, ki zauna ki huta, ɗinkina zai riƙe mu."

Ta ce, "Hutun me? Na yi kwanciyar da za ta ishe ni har tsufa."

Ranar da ta buɗe, mata suka cika benci. Duk wadda ta tashi sai ta ce, "Kai, hannu yana nan yadda yake." Ashe ƙarya ce tsagwaronta. Tunda ba ta jin yatsunta, ja take yi ba ta sani ba, su kuma tausayi ya hana su cewa uffan. Su cije leɓe, su yi godiya, su je gida su tsefe. Kafin wata ya ƙare benci ya koma na ƙudaje. Masu leƙowa "sannu da jiki" kawai suke kawowa, kai a ɗaure tamau.

Asiri ya tonu ne ranar da wata ta zo karɓar ɗinki wurina, washegarin ranar da Yaya ta yi mata kitso. Ɗankwali ya zame, ga kai a tsefe, gefen goshi duk ƙuraje. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta koma shagonta ta zauna tana kallon hannuwanta. Tsoro ya kama ni, don na san idan sana'ar nan ta kuɓuce mata, ciwon ya ci ta ke nan ko da tana yawo da ƙafarta.

Da yamma ta kira ni. Na tarar ta sauke babban madubin bango ta jingine shi a ƙasa, daidai gaban kujera.

Ta ce, "Zauna, ki cire takalmi."

Na ce, "Yaya, kai ake kitsawa ko ƙafa?"

Ta ce, "Baki ya iya kara, ƙafa ba ta iya ba. Idan kitso ya yi zafi, yatsun ƙafa ne ke fara naɗewa."

Haka kaina ya zama filin gwaji. Ta kitsa, ta tsefe, ta sake, idonta na kan ƙafafuna a madubi. Da yatsuna sun motsa sai ta sassauta. A hankali ta koyi auna ja da wuyan hannu da gwiwar hannu, tunda su suna ji. Na sha azaba, ba na ɓoyewa, har na ce ta biya ni diyya. Amma wata rana sai kawai na farka na ji tana cewa, "Tashi, malama, kin jiƙa mini zani da yawu." Na daɗe ina kallon hannuwan nan. Mutum ya rasa jin yatsunsa, ya aro na wasu daga ƙafafunsu. Har yau abin yana sa tsigar jikina tashi.

Mata suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna dariyar dokar cire takalmi. Amma har lokacin lallaɓa ta suke yi kamar ƙwai.

Sai matar mai kemis ta zo, wadda duk layin an san ta da tsiya. Aka gama, ta duba kanta a ƙaramin madubi, ta haɗe rai.

"Wannan tsagar ta karkace. Haka zan fita kamar an yi mini a duhu? Ki tsefe ki gyara, ba ni da lokaci."

Ina jiyo ta daga shagona na tsayar da keke na taso, bakina cike da magana. Yaya ta riƙe mini hannu gam. Hawaye na bin kumatunta, amma dariya take yi.

Ta ce, "Rabu da ita, ƙanwata, tsagar ta karkace da gaske. Ke ba ki ji ba? Yau aka yi mini faɗa kamar mai lafiya."