Kawu Haruna da Mai Ƙaryata Shi

Duk wanda ya zauna da Kawu Haruna a gidansa na Omdurman a ƙasar Sudan ya san ba a gaya masa magana a wuce. Sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "In ji wa?" Wata rana matarsa, Inna Sakina, ta leƙo ta ce abinci ya nuna.

"In ji wa?"

"In ji ni da na dafa."

"Tamam," in ji shi. "Madogara mai ƙarfi. Kawo."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a ɗakin karatun jami'arsu nake aiki, shi ya sa na sha wannan tambaya fiye da kowa. Rayuwarsa kaf a kan karfasar Farin Nilu ta ƙare, wadda a nan ake ce wa bulti. Abu ɗaya ya rage masa a rai, ya zama Farfesa kafin ritaya, ga ritayar ta matso. Sai jami'a ta fito da sabon ma'auni: a duba a intanet sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka, kuma da su wa ka taɓa yin rubutu tare.

Nan da nan malamai suka buɗe adashen ambato. Wani matashi daga sashen gine-gine ya same shi a wurin mai shayi.

"Ya Dakta, ka ambace ni a takardarka, in ambace ka a tawa, khalas, shi ke nan."

"Me kake nazari?"

"Siminti."

"Ina kifi ya haɗu da siminti?"

"A madatsar Jabal Awliya mana."

"To, ranar da ka ga bulti tana cin madatsar, ka zo mu rubuta."

Da na buɗe masa shafinsa a kwamfuta, sai ga ambato ya kai abin da ake nema har ya ɗara. Kawu ya washe baki, ya gyara zaman rawani, sannan ya ce in nuna masa masu ambaton. Kusan duk mutum ɗaya ne, Dakta Usman, abokin gabarsa tun suna ɗalibai. Shekara da shekaru duk takardar da Usman ya fitar sai ya kira sunan Kawu ya ce ya yi kuskure a kan inda bulti ke zuba ƙwai.

Da wani ne, shiru zai yi ya gode wa Allah. Kawu kuwa jallabiya ya zura, ya haye bas zuwa Khartum, ya faɗa ofishin shugaban kwamitin ƙarin girma.

"Ku cire na Usman. Zagi ne."

"Ya Dakta, na'ura ba ta bambanta zagi da yabo."

"Ni ina bambantawa."

Da ƙyar 'yan kwamitin suka lallashe shi, suka ce ko ƙaryatawa ce ai karanta shi aka yi. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, na kuma ji ina alfahari da shi.

Saura sharaɗi na biyu, ga Kawu bai taɓa haɗa suna da kowa a takarda ba. Ya ce ba zai yi rubutu da wanda bai karanta shi ba, kuma da muka duba duk garin, mutum ɗaya ne ya karanta shi daga farko har ƙarshe. Haka ya ɗauki ƙafa ya je gidan Usman. Inna Sakina ta ce in bi shi ko za a buƙaci mai rabon faɗa.

Usman ya buɗe ƙofa ya ce, "Ya zol, mutumina, ka zo ka amsa kuskurenka?"

"Na zo in nuna maka naka. Ɗauko hularka, mu je bakin ruwa."

Suka yi ta zirga-zirga zuwa Jabal Awliya, tsofaffi biyu a kujera ɗaya, suna musu har direba ya daina kunna rediyo. Takardar da suka rubuta ban taɓa ganin irinta ba, ƙarshenta biyu ne, kowa da nasa. A kan wanda sunansa zai fara zuwa kuwa, sai da suka yi gaba ta mako guda ana aiki ba a gaisawa.

Kafin mujalla ta buga takardar, ciwo ya kwantar da Kawu, bai tashi ba. Matsayin Farfesan da yake jira bai same shi da rai ba. A zaman makoki Dakta Usman ya zo da takardar a hannu, sunan Kawu a gaba, ya zauna kusa da ni.

"Ya bitti, 'yata, har gobe kawunki bai yi daidai ba a kan ƙwan nan," in ji shi. "Amma yanzu wa zan gaya wa?"

Ya rufe fuska da gefen rawani, ni ma na kasa riƙe nawa hawayen.

Allah ya jiƙan Kawu Haruna, ya yafe masa, ya ɗaga darajarsa a inda ya tafi fiye da wadda ya nema a nan. Allah ya ba Dakta Usman haƙurin rashinsa.